Yadda za ka bibiyi limfomar hanji da gwajin jini, ga mai jinyar da takardu ke hannunsa

Assalamu alaikum jama'a. Wannan rubutun na yi shi ne domin waɗanda Allah Ya ɗora wa jinyar ɗan'uwa mai kansar nan da ake ce wa limfoma, musamman wadda ta kama hanji, waɗanda kullum ake miƙo musu takardar gwajin jini cike da lambobi su karɓa su ninke su cusa a baƙar leda ba tare da sun san me ke ciki ba, sai dai su zuba wa fuskar likita ido su ga ko zai yi murmushi ko zai ɓata rai. Ni ma haka na fara. Yayana na yi wa jinya kusan shekara biyu, ni ba likita ba ne, amma ni ne mai riƙe da fayil, ni ne mai bin layin lab, kuma abun da na koya a wannan zirga-zirgar shi nake so in ajiye muku a nan ko Allah zai sa wani ya huta da rabin firgicin da muka sha.

Shi Yaya da ciwon ciki ya fara, aka sha maganin olsa, aka sha na taifot har sau uku, yana ta rama wandonsa na zamewa, sai ranar da hanjin ya toshe gaba ɗaya yana ta amai aka shiga da shi tiyata cikin dare, aka yanke wani yanki na ƙarshen ƙaramin hanji daidai inda yake haɗuwa da babba, aka kai tsokar gwaji. Bayan sati uku sakamako ya fito, limfoma ce, nau'i mai saurin girma da suke rubutawa DLBCL. Ita limfoma kansa ce ta fararen ƙwayoyin jini, irin waɗanda ke zaune a cikin kaluluwa, to shi bangon hanji ma cike yake da irin waɗannan ƙwayoyin shi ya sa take iya tsirowa a can ba tare da ka ga kaluluwa ko ɗaya a wuya ko hammata ba. In ka cire kaluluwa, babu inda limfoma ta fi kamawa kamar ciki da hanji.

Ka fara sanin abun da jini ba zai iya ba

Wannan shi ne na farko kuma dan Allah a riƙe shi. Babu gwajin jinin da zai ce maka mutum na da limfoma ko ba shi da ita. Tsoka ake ɗauka, a duba ta a madubin likita, a yi mata rinin da zai nuna nau'inta, shikenan. A wajenmu ma wannan ya fi muhimmanci saboda TB na hanji yana kwaikwayon limfoma sak, wuri ɗaya suke so, ramar iri ɗaya, zufar dare iri ɗaya. Kuma limfoma ba ta da wata lamba tata ita kaɗai a jini kamar yadda ake auna PSA ga masu kansar prostate, wato ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Akwai wanda ya ba mu shawara mu je mu yi CEA wai ai gwajin kansar hanji ne, muka kashe kuɗi muka yi, likita ya kalla ya ce Malam wannan na wata kansar ce daban, ba ruwansa da cutar yayanka.

To me jinin yake yi kenan? Abu uku. Yana ba da alamar nauyin cutar da saurinta, yana nuna ko jiki na ɗaukar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, ko ya gaza, kuma yana kama haɗari tun kafin ya kwantar da mutum. Amma lamba ɗaya ta rana ɗaya ba ta cewa komai, sai ka jera ta da 'yan uwanta na baya ka ga ina suka dosa.

Sayi littafi kafin kemo na farko

Eksasayis na 'yan makaranta ya isa. Ka buɗe tsakiya ka ja layuka da rula, gefen hagu kwanan wata, sai kuma rana ta nawa ce bayan kemo, wannan layin kar ka raina shi zan faɗi dalili a gaba, sannan sunan lab ɗin da aka yi, sai LDH, Hb ko PCV masu nuna yawan jini, WBC wato adadin fararen ƙwayoyin jini, nutrofil, filatilet, kiriyatinin mai nuna aikin ƙoda, yurik asid, fotashiyam, albumin, nauyin jiki a sikeli, sai fili mai faɗi a ƙarshe inda za ka rubuta yadda mutumin yake a ranar da bakinka, kamar ya ci tuwo rabin malmala, gudawa sau huɗu, ya iya zuwa masallaci da ƙafarsa. Kowace takarda kuma ka ɗauke ta hoto da waya tun a ƙofar lab, domin fayil yana ɓata, mu namu ya taɓa yin sati biyu ba a gan shi ba, littafin nan ne ya cece mu a kilinik.

Layin farko shi ne mafi tsada a littafin gaba ɗaya, wato gwajin da aka yi kafin a sa ko ɗigon magani, har da firednisolon, ƙwayar nan da ake sha tare da kemo. Da shi za a riƙa auna duk abun da zai biyo baya. In aka fara magani ba a yi shi ba to ya wuce, ba a dawo da shi. Ka tabbata an yi FBC wato ƙidayar ƙwayoyin jini, LDH, gwajin ƙoda da gishirin jini, gwajin hanta, yurik asid, kalsiyam, sannan ciwon hanta B da C da kuma HIV. Kar wani ya ji haushi dan an ce a yi na HIV, kowa ake yi wa, saboda in akwai shi to tsarin maganin yana canzawa.

LDH, wadda ta fi hana mu barci

LDH wani sinadari ne da ke cikin kusan kowace ƙwayar halitta a jikinka, tsoka, hanta, zuciya, jajayen ƙwayoyin jini, duka. In ƙwayoyi suna fashewa ko suna yaɗuwa da mutuwa da sauri sai ya tsiyayo cikin jini. Limfoma mai zafi haka take, tana hayayyafa tana mutuwa, shi ya sa LDH ke hawa. Tun 1993 likitoci suka sa ta cikin abubuwa biyar da ake lissafa ƙarfin cutar da su, lissafin da ake kira IPI, sauran huɗun su ne shekaru sama da 60, matakin cutar in ya kai na 3 ko 4, ko mutum na iya hidimar kansa ko yana kwance, da kuma ko ta kama gaɓoɓi fiye da ɗaya a wajen kaluluwa.

Yadda za ka karanta ta, kar ka kalli lambar kawai, ka kalli iyakar da lab ɗin ya rubuta a gefenta. Wani lab iyakarsa wajen 250 ce, wani kuma wajen 450 ko sama, saboda hanyar awon ba ɗaya ba ce. Kenan 500 a lab na farko ninki biyu ne, a na biyu kuwa da kyar ta leƙa sama. Ka raba sakamakon da iyakar ka rubuta amsar a littafi, 1 ko ƙasa da haka lafiya, 2 ninki biyu, haka. Mafi sauƙi dai ka tsaya a lab ɗaya in da hali, ko da ya fi nisa, ko da layinsa ya fi tsawo.

Abun da ake so a gani, in ta fara a sama, shi ne ta riƙa sauka bayan kemo na ɗaya da na biyu har ta shiga gida ta zauna. Ta Yaya ta fara da ninki biyu da wani abu, kafin kemo na uku ta dawo daidai, muka yi ta hamdala. Sai ana gab da na biyar na karɓo takarda na ga ta koma kusan inda ta fara. Wallahi a bakin tagar lab ɗin na zauna a ƙasa, ban iya kiran Hajiya ba, na shiga wajen likita hannuna na rawa na ce ranka ya daɗe ta dawo ko? Ya karɓi littafin ba takardar ba, ya bi layin ƙarshe da yatsa inda na rubuta zazzaɓi kwana biyu da ciwon gaɓoɓi, ya ce a je a duba maleriya. Maleriya ce. Ita tana fasa jajayen ƙwayoyin jini ne, LDH ɗin cikinsu ya zube. Aka yi magani, bayan sati biyu aka sake, ta sauka.

Dan haka kafin ka tsorata ka tambayi kanka waɗannan. Ya yi maleriya ko wani zazzaɓi? Mai sikila ne, domin su dama tasu kullum a sama take? An yi masa allurar nan ta filgrastim mai ƙara sojojin jiki a 'yan kwanakin nan, ita ma tana ɗaga ta? Hantarsa lafiya? An yi tiyata kwanan nan? Sannan babban ɓarawo, jinin ya fashe a kwalba. In aka sha wahalar samun jijiya aka yi ta zuƙa da ƙaramar allura, ko aka girgiza kwalbar, ko aka bar ta awa da awanni cikin zafi, ko kai da kanka ka ɗauko ta a aljihu a Keke Napep daga wannan unguwa zuwa waccan da tsakar rana, to LDH za ta hau na ƙarya, kuma sau da yawa za ka ga fotashiyam ma ya hau tare da ita. In ka ga su biyun sun tashi tare mutum kuma garau, ka nuna wa likita a ranar, yawanci cewa zai yi a sake ɗiba nan take, kar dai kai ka yanke hukuncin cewa ƙarya ce ka tafi gida domin fotashiyam in da gaske ya hau yana tsayar da zuciya.

Wadda ake tsoro ita ce mai hawa a hankali sau biyu sau uku a jere, lab ɗaya, babu wani dalili a cikin waɗancan, balle in nauyi na sauka ko ciwon cikin ya dawo. Nan ba a jiran ranar kilinik, sikanin ake nema. Ɗaya gefen kuma, LDH daidai ba ta nufin an warke. Nau'o'in da ke tafiya a hankali irin su MALT suna iya zama a hanji shekaru LDH ba ta motsa ba, har mai zafin ma in ƙarama ce tana iya ɓuya.

FBC da lissafin kwanaki

Irin kemo da aka fi yi wa DLBCL shi ne R-CHOP, duk kwana 21, yawanci sau 6. Maganin ba ya bambance ƙwayar cuta da ta ɓargo, dan haka bayan kowane zagaye jini yana faɗuwa, ya fi yin ƙasa tsakanin rana ta 7 zuwa ta 14, sannan ya farfaɗo kafin na gaba. Ka ga amfanin layin nan na rana ta nawa kenan. WBC ƙasa a rana ta 10 abu ne da ake sa rai, WBC ƙasa a rana ta 21 magana ce daban. Haka kuma in aka ɗibi jini lokacin da yake shan firednisolon za ka ga WBC ya yi sama, suga ma ya yi sama, maganin ne.

A cikin fararen ƙwayoyin, nutrofil ne sojan gaba. Wasu lab ɗin kaso kawai suke rubutawa, to kai sai ka yi lissafi, WBC a ninka da kason. Misali WBC 2.0, nutrofil kashi 20, ya zama 0.4. Ƙasa da 0.5 haɗari ne sosai, ƙwayar cutar da ba ta isa ta yi wa lafiyayye komai ba tana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya, balle mai ciwo a hanji inda ƙwayoyin cuta suke zaune da ma. Yawanci likitoci suna so ya kai wajen 1.0 kafin su sa kemo na gaba. Wani abu kuma da ya shafe mu, mu mutanen Afirka ta Yamma da yawanmu nutrofil ɗinmu a halitta ya ɗan yi ƙasa da na Turawa kuma lafiyarmu ƙalau, to in layin farko na littafinka ya nuna da ma can haka nasa yake, ka nuna wa likita, kar a yi ta ɗage kemo a banza, domin ɗage-ɗagen nan yana ba cutar damar numfashi.

Dokar da ba ta da sassauci, ka sayi ma'aunin zafi ka ajiye a gefen gado. In ya nuna 38 ko sama, ko mutum yana karkarwa, asibiti za a nufa a lokacin, ko ƙarfe biyun dare ne. Ba a ba shi farasitamol a ce bari mu ga safiya, ba a zuwa kemis a ce a ba mu na maleriya. Ka faɗa musu tun daga ƙofa cewa yana kan kemo kuma yau rana ta kaza, a yi FBC, a duba maleriya ɗin ma, amma ana so a fara allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya ba sai sakamako ya fito ba.

Hb ko PCV, mu dai PCV muka fi ji a baki, kusan ninki uku ne na Hb, wato Hb 10 kamar PCV 30. Kemo yana rage shi a hankali. Amma ga mai limfomar hanji in ya faɗi da sauri, misali daga 10 zuwa 7 cikin sati, ka fara tunanin zubar jini a ciki, ka tambaye shi kalar bayan gidansa, kar kunya ta hana. Ni sai da na cire kunyar nan ta ƙani da wa na ce Yaya ka yi haƙuri, baƙi ne kamar kwalta? Yawanci ana ƙarin jini in Hb ya sauka wajen 7, ko kafin nan in mutum yana haki da jiri, dan haka ku san rukunin jininsa tun wuri ku tanadi 'yan uwa biyu uku da za su iya ba da leda.

Filatilet su ne masu tsayar da jini, daidai shi ne 150 zuwa 400 da ɗoriya. Maleriya ma tana kayar da su. In sun yi ƙasa sosai, wajen 20, ko ka ga haɓo, dasashi na jini, ɗige-ɗige ja a ƙafa, asibiti. Kuma a nisanci su ibuprofen da diclofenac da asfirin sai in likita ne ya rubuta, suna cin bangon ciki suna kuma taɓa ƙoda.

Satin farko, lokacin da ƙari ke narkewa

Wannan ya fi shafar mai babban ƙari da LDH ɗinsa ke can sama, kuma musamman nau'in Burkitt, wanda wani likitan tiyata Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, yana yawan kama yara a ƙasashen da maleriya ta yi katutu irin namu, a muƙamuƙi ko a ciki, kuma saurin girmansa ya wuce misali, cikin kwana ɗaya zuwa biyu yana iya ninka kansa. Da an sa magani ƙwayoyin suna mutuwa tari guda, kayan cikinsu ya kwarara cikin jini, yurik asid da fotashiyam da fosfet su hau, kalsiyam ya sauka, ƙoda ta toshe. Ya fi faruwa a kwana ukun farko. Shi ya sa ake kwantar da mutum ana ta ƙarin ruwa ana ba shi allopurinol mai rage yurik asid ana ɗibar jini kullum, wani lokacin fiye da sau ɗaya a rana, kar ka ga kamar cin kuɗi ne. Aikinka a nan ka lura da fitsari, ka samu roba mai awo ka riƙa rubutawa, in ya ragu sosai ka kira nas. Fotashiyam ya kai 6 ko kiriyatinin ya fara hawa, magana ce ta yanzu-yanzu. In kuma aka ambaci wata allura rasburicase, ka tambaya ko an duba G6PD, wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini, domin ƙarancinsa ya yi yawa a mazanmu kuma mai shi ba a yi masa wannan allurar, tana fasa masa jini.

Albumin da B12, masu ba da labarin hanjin kansa

Waɗannan ba a cika damuwa da su ba amma a ganina ga mai ciwon hanji sun kai LDH amfani. Albumin furotin ne da hanta ke yi, daidai wajen 35 zuwa 50. Hanji mai ciwo ba ya tsotsar abinci yadda ya kamata, wani ma yoyon furotin yake yi, sai albumin ya sauka ƙafa ta kumbura. In ka ga yana hawa a hankali wata bayan wata, nauyi na ƙaruwa, gudawa ta tsaya, to wannan alama ce mai daɗi. Sai dai ka kula, nauyin da ya ƙaru da kumburin ƙafa ruwa ne ba ƙiba ba, ka danna ƙaurinsa da yatsa ka gani ko zai lotsa.

B12 kuma a ƙarshen ƙaramin hanji ake tsotsarsa, daidai wurin da limfoma ke so kuma daidai wurin da aka yanke wa Yaya. Hanta tana da ajiyar da ke kai mutum shekaru, dan haka matsalar ba ta fitowa da wuri, sai an manta. Alamarta kasala, ƙarancin jini, jin kamar ana tsira allura a tafin ƙafa, a takardar FBC kuma MCV, wato awon girman jajayen ƙwayoyin jini, ya haura 100. Abun da ya kamata ka sani, ƙarancin B12 da kansa yana ɗaga LDH sosai, har mutum ya ɗauka cutar ce ta dawo. In an yanke wannan wurin ka tambayi likita yaushe za a fara dubawa, maganinsa allura ce mai araha.

Akwai beta-2 maikuroglobulin, yana da amfani a farko wajen kimanta cutar, amma yana da tsada, ba ko'ina ake yi ba, kuma ƙoda in ta ɗan yi rauni yana hawa. ESR kuwa, gwajin da ke nuna kumburi a jiki, komai yana ɗaga shi har ƙarancin jini. In kuɗi ya yi kaɗan ba su za ka fara bi ba.

Ciwon hanta B

Kar a sa rituximab, wato R ɗin nan na R-CHOP, sai an duba, kuma gwaji biyu ne, HBsAg da anti-HBc, domin ko wanda ya taɓa yi ya warke ƙwayar tana iya kwanciya a hanta, maganin ya tashe ta, mutum ya tsira daga kansa hanta ta kayar da shi. A ƙasarmu masu ɗauke da ita suna da yawa kuma akasari ba su sani ba. In an samu, ana ba da entecavir ko tenofovir tun daga farko har aƙalla shekara guda bayan an gama, ana bin ALT, wato awon lafiyar hanta, a jini. Ido ya yi rawaya ko fitsari ya koma kamar shayi, a koma asibiti ko an gama kemo da watanni.

Abun da ba ya jiran takarda

Ƙarin nan a bangon hanji yake zaune, in magani ya narkar da shi wani lokacin yana barin rami. Wani bincike na asibitin Mayo a Amurka da aka buga a 2013 ya samu kusan 1 cikin 10 na masu limfomar ciki da hanji sun gamu da hujewa, ƙaramin hanji ya fi, kuma fiye da rabi bayan fara kemo ne. Babu LDH ɗin da zai gargaɗe ka. Ciwon ciki mai tsanani farat ɗaya, ciki ya yi tauri kamar katako, amai kore, ba bayan gida ba tusa, ko jini, a ɗauke shi a tafi, kar a ba shi ko ruwa a hanya domin mai yiwuwa tiyata za a shiga. Kuma firednisolon yana rufe ciwo da zazzaɓi, dan haka ko ciwon bai kai yadda kake zato ba, in mutumin ya canza maka, ya yi laushi, bugun zuciya na sauri, ka yarda da idonka.

Bayan an gama

Hukuncin ko magani ya ci sikanin ne ke yanke shi, PET, hoton da ke nuna inda cutar take da sauran rai, in an samu hali, wanda ake ba shi maki 1 zuwa 5, in ba haka ba CT, wani lokacin kuma a zura kyamara a sake ɗaukar tsoka. Mu CT muka yi, domin PET sai an yi doguwar tafiya da kuɗi mai nauyi. Daga nan sai ziyarar kilinik, kamar duk wata 3 a farko sannan a riƙa tsawaitawa zuwa wata 6, saboda DLBCL in za ta dawo ta fi dawowa a shekara biyun farko.

Ga wani abu da na so a ce na sani da wuri. Bincike da dama ya nuna akasarin waɗanda cutar ta dawo musu, su da kansu suka fara ji a jikinsu kafin wani gwajin jini ya nuna. Ni kuwa bayan an sallame mu duk wata sai na ja Yaya lab da kuɗin aljihuna, in lamba ta ɗan motsa in kwana ban runtsa ba shi ma in hana shi sukuni, har ranar da ya ce min kai ƙanena, ka bar ni in ji daɗin lafiyar nan mana. Likita ma ya goyi bayansa, ya ce gwaji ranar kilinik ya isa, abun da yake so in sa wa ido shi ne zazzaɓi mara dalili, zufar dare mai jiƙa riga da zanin gado, rama ta kashi 10 na nauyi cikin wata 6, wato mai kilo 60 ya zubar da 6, sabon ƙullutu a wuya ko hammata ko matsematsi, da dawowar irin ciwon cikin farko. Ɗaya daga ciki ya bayyana ya wuce sati biyu, a zo ko ranar ba ta yi ba.

In za ka shiga wajen likita, layi na da tsawo a manyan asibitocinmu, ko Malam Aminu Kano ne ko Shika ko na koyarwa da ke Sakkwato, minti kaɗan za ka samu, to ka buɗe littafin a shafin tun kana waje, ka ja layi a ƙarƙashin lambar da ta dame ka, ka kuma faɗi duk wani jiƙo ko garin magani da aka ba shi a gida ko da Hajiya ce ta ba shi a ɓoye, domin in ALT ko kiriyatinin ya hau shi ne abun farko da za a so sani. Sannan ka yi tambaya uku kafin ka tashi, wannan canjin na magani ne ko na cuta, yaushe za mu sake, kuma wace lamba ce in na gani in zo ba sai na jira ba. Amsar ta ukun ka rubuta ta da jan biro a bangon littafin daga ciki, tare da lambar wayar sashen da za a kira da dare, ka kuma nuna wa duk wanda zai kwana da shi in ba ka nan.